"So" da "Ƙi" a Hausar Littafi Mai Tsarki: Yadda Kiristocin Maiduguri Ke Daidaita Ƙaunar Allah da Ayoyin Ƙiyayya da Hukunci

1.0 Gabatarwa

Unguwar Fezzan tana daga cikin tsofaffin unguwannin birnin Maiduguri. Ta samo sunanta ne daga fataken Larabawa na yankin Fezzan da ke kudu maso yammacin Libiya, waɗanda suka zauna a wurin bayan da aka kafa Yerwa a shekarar 1907, a zamanin Shehu Abubakar Garbai. Unguwa ce ta Musulmi, amma sunanta yana da alaƙa da tarihin fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, domin ta hanyar fatake ta Kukawa zuwa Murzuk, babban garin Fezzan a lokacin, Heinrich Barth ya bi a 1855 tare da wasu samari biyu, wato Dorugu Bahaushe da Abbega Bamargi, har ya kai su Ingila. A can ne Dorugu ya zauna da J. F. Schön, ɗan mishan wanda ya fara fassara sassan Littafi Mai Tsarki da Hausa, kuma daga bakin Dorugun ne aka sami yawancin labaran da ke cikin Magana Hausa na 1885.

A Maiduguri Hausa ita ce harshen ciniki tsakanin Barebari da Shuwa da sauran ƙabilu, ita ce kuma harshen sujada a yawancin majami'un Burawa da Margi da Kibaku da Kilba da Kamwe, musamman na Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wato EYN, wadda aikinta ya fara a Garkida a 1923. Ke nan kalmar da mai wa'azi ya furta ranar Lahadi ita ce wadda mai sauraro zai ji ranar Litinin a lungunan Fezzan da Hausari, kuma da ma'anar lungu zai auna ta. Manufar wannan takarda ita ce bayyana hanyoyin da Kiristoci ke bi wajen daidaita koyarwarsu ta ƙaunar Allah da ayoyin da ke maganar ƙiyayya da hukunci, tare da nuna cewa babban kaso na aikin ya rataya ne a kan ma'anar kalmar "ƙi", ko da yake akwai ragowar da nazarin harshe ba ya iya kawar da ita.

2.0 Inda Matsalar Take

Ginshiƙin koyarwar Kirista shi ne cewa ƙauna ita ce ainihin halin Allah, kamar yadda 1 Yahaya 4:8 ta nuna, sannan a Matiyu 5:44 Yesu ya umarci mabiyansa su ƙaunaci abokan gabansu. Amma a Luka 14:26 Yesun nan ne ya gindaya ƙin uwa da uba da mata da 'ya'ya a matsayin sharaɗin zama almajirinsa. A Malakai 1:2-3, wadda Bulus ya sake kawowa a Romawa 9:13, an nuna Allah ya so Yakubu ya ƙi Isuwa. A Zabura 139:21-22 kuwa mawaƙin yana alfahari ne da ƙin maƙiyan Allah.

Tun a ƙarni na biyu wani mai suna Markiyon ya ga mafita ita ce a yar da Tsohon Alkawari baki ɗaya, a ce Allahn hukunci daban yake da Allahn ƙauna. Ikkilisiyar Roma ta kore shi wajen shekarar 144. Ko da an yar da Tsohon Alkawarin ma ba a huta ba, tun da Matiyu 25 da Wahayin Yahaya cike suke da maganar hukunci, kuma duk a Sabon Alkawari suke. Saboda haka dole ta sa aka koma ga kalmomin kansu.

3.0 Kalmar "Ƙi" a Hausa

A Ibrananci aikatau ɗin da ake fassarawa da "ƙi" shi ne sane, a Helenanci kuwa miseo. Kafin a duba su, ya kamata a dubi kalmar Hausar tukuna, domin ita ma ba ma'ana ɗaya gare ta ba. Ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 duk sun nuna haka. A dubi waɗannan jimloli:

(1) Audu ya ƙi zuwa gona.
(2) Jariri ya ƙi nono.
(3) Ƙofar ta ƙi buɗuwa.
(4) An ba ta zaɓi, ta ɗauki shuɗi ta ƙi ja.
(5) Dangin mijinta sun ƙi ta.

A cikin jimlolin nan biyar, ta ƙarshe kaɗai ce ke ɗauke da baƙin rai game da wani mutum. Ta (1) da ta (2) rashin amincewa ne, ta (3) ƙofa ba ta da zuciya balle ta tsani kowa, ta (4) kuwa zaɓi ne kawai tsakanin abu biyu. Haka kishiyarta "so" take: mai son ruwa ƙishirwa yake ji, ba begen ruwan yake yi ba. Wato "so" da "ƙi" a Hausa sun fi kusa da karɓa da bari, ko zaɓa da turewa, kafin su kai ga abin da ke cikin zuciya. Idan Bahaushe yana nufin zafin rai zalla, yana da "tsana" da "ƙyama" da "gaba".

Akwai kuma wani abin lura a ƙirar kalma. Ɗafa-ƙeyar -ayya tana samar da sunayen da yawanci ke nuna cuɗanya tsakanin ɓangarori biyu, kamar jayayya da auratayya da cinikayya da tarayya. "Ƙiyayya" tana cikin wannan aji, don haka ta fi "ƙi" ƙunci da nauyi: tana kawo hoton gidaje biyu da ba sa ga-maciji da juna. Mai wa'azin da ya karanta aya mai aikatau "ƙi", sannan ya shiga bayani da sunan "ƙiyayya", ya riga ya zaɓi ma'ana ta (5) ba tare da ya sani ba. Irin wannan dalili ne ya sa Hausar majami'a ta riƙe "ƙauna" ta guji "soyayya", wadda tun daga shekarun 1980 littattafan kasuwar Kano suka ƙara keɓe ta ga sha'anin saurayi da budurwa.

3.1 Mowa da Bora

Hujja mafi ƙarfi da masu fassara ke kafawa da ita tana cikin Littafin kansa. A Farawa 29:30 an ce Yakubu ya fi son Rahila a kan Lai'atu, aya ta 31 kuma, wadda ke biye da ita, ta kira Lai'atu da siffar da aka ƙera daga sane. Ayoyin biyu abu ɗaya suke bayyanawa, don haka siffar nan tana nufin matar da ba a fifita ba. Maimaitawar Shari'a 21:15-17 ta zo da doka a kan mutum mai mata biyu, ɗaya ahuba ɗaya senu'a, ta hana shi tauye gadon ɗan fari don kawai uwarsa ce ta biyun.

A nan Hausa ta fi Turanci sa'a. Baturen Ingila ba shi da kalma guda ta wannan matsayi, sai ya yi ta kewaye-kewaye, amma kowane Bahaushe ya san mowa da bora. Bora matar aure ce, tana da ɗakinta da ranar girkinta, tana haihuwa, 'ya'yanta suna gado. Abin da ta rasa shi ne gaba a zuciyar maigida. Lai'atu ma haka, ita ta haifa wa Yakubu 'ya'ya maza shida, ciki har da Lawi da Yahuza. Wanda ya tashi a gidan da ake da kishiyoyi ba ya bukatar dogon sharhi kafin ya gane cewa ana iya "ƙin" mace a kuma ci gaba da zama da ita har tsufa.

Da wannan ma'auni ake karanta Luka 14:26. Matiyu 10:37 ta kawo magana ɗaya da wancan, amma da sigar fifiko: laifin shi ne a fi son uba ko uwa a kan Yesu. Harsunan Samiyawa suna yawan bayyana fifiko ta hanyar kore ɗaya gaba ɗaya, kuma Hausa ma tana yi:

(6) Ni ba kuɗinka nake so ba, mutuncinka nake so.

Mai faɗin (6) zai karɓi kuɗin idan an ba shi, kuma babu wanda zai ce ya yi ƙarya. Ya jera abu biyu ne, ya sa ɗaya a gaba.

Mai fassara a nan yana da hanya biyu. Ko dai ya bar "ƙi" yadda take, kamar yadda fassarar Turanci ta Sarki James ta 1611 ta yi da kalmar da ke daidai da ita, ko kuwa ya sake gina jimlar da aikatau "fi", kamar yadda fassarar Good News ta 1976 ta yi, bisa ra'ayin Eugene Nida na fifita saƙo a kan ƙirar kalma. Cikakkiyar fassarar Hausa ta farko ta fito a 1932, ta biyu kuma a 1979, a lokacin da ra'ayin Nida ya yi ƙarfi. Kowace hanya da hasararta. Idan aka bar "ƙi", Musulmin Fezzan da ya ji ayar daga bakin maƙwabcinsa zai ɗauka ana koyar da saɓa wa iyaye, abin da al'adarsa da addininsa suka ɗauka babban zunubi. Idan kuwa aka sassauta ta da "fi", an rage kaifin da aka yi nufin ta zo da shi, domin ga wanda danginsa suka juya masa baya saboda addini, zaɓin na gaske ne, kuma yana da ciwo.

Batun Yakubu da Isuwa ya fi wuya. Masu sharhi sukan nuna cewa Malakai yana magana ne a kan al'ummu biyu, Isra'ila da Edom, bayan rawar da Edomawa suka taka lokacin da Babila ta rushe Urushalima a ƙarni na shida kafin haihuwar Almasihu. Sukan ƙara da cewa Maimaitawar Shari'a 2:5 ta tabbatar wa zuriyar Isuwa ƙasarsu, 23:7 kuma ta hana a ƙyamaci Ba'edome saboda ɗan'uwa ne. Ke nan ma'ana ta (4) ce: an zaɓi ɗaya don riƙe alkawari, an bar ɗaya. To amma a nan ne kwatancin mowa da bora ke gurguncewa. A idon Bahaushe mijin da ya yi bora bai yi adalci ba, kuma tatsuniya kullum bayan 'yar bora take bi. Mai wa'azin da ya ce Isuwa bora ne ya wanke Allah daga tsana, amma ya bar ƙofar zargin son kai a buɗe. Bulus kansa ya hango wannan tambaya a Romawa 9:14, kuma a kanta ne mabiyan Kalbin da na Arminiyus suka rabu tun farkon ƙarni na goma sha bakwai, ba su kuwa haɗu ba.

4.0 Ƙin Aiki da Ƙin Mai Aiki

Hanya ta biyu ita ce duba abin da aikatau ɗin ya faɗa a kansa. Karin Magana 6:16-19 ta lissafa abubuwa bakwai da Allah ya ƙi, yawancinsu kuwa gaɓoɓi ne da ayyukansu, kamar harshen da ke ƙarya da hannun da ke zubar da jinin marar laifi. Daga irin wannan ne Agustin na Hippo, mutumin Afirka ta Arewa wanda ya rasu a 430, ya fitar da ƙa'idar son mutum tare da ƙin laifinsa, wadda har yau ake ji a wa'azi. Ana ƙarfafa ta da Ezekiyel 33:11, inda aka nuna Allah ba ya murna da mutuwar mugu, ya fi son ya tuba.

Hausawa suna da karin maganar da ta kai zurfin wannan: ka so naka duniya ta ƙi shi, ka ƙi naka duniya ta so shi. "Ƙi" na uba a nan tsawatawa ce da horo, "so" kuwa shagwaɓawa ce da ke kai yaro ga lalacewa. Karin Magana 13:24 ta faɗi abu ɗaya ta baibai, inda ta kira uban da ba ya horon ɗansa da cewa shi ne maƙiyinsa. A duka biyun sakamako ne ke bayyana mai so da mai ƙi. Da wannan ne ake fassara fushin Allah a matsayin ɗaya fuskar ƙaunarsa, a haɗa da Ibraniyawa 12:6 wadda ta ɗaure horo da ƙauna. Gyara kayanka, in ji Hausawa, ba ya zama sauke mu raba.

Sai dai ƙa'idar ba ta rufe kowace aya ba. A Zabura 5:5 da 11:5 karɓau ɗin mutum ne, wato mai aikata mugunta da mai son zalunci, ba aikinsa ba. Masu gaskiya daga cikin malaman Kirista ba sa ɓoye wannan. Abin da sukan ce shi ne "ƙi" a nan hukuncin alƙali ne, wato ƙin karɓar mutum a halin da yake ciki, kuma Romawa 5:8-10 ta nuna waɗanda ake kira maƙiyan Allah su ne waɗanda Almasihu ya mutu dominsu. Manazarcin da ya saba da tafsirin Alƙur'ani da Hausa zai tuna cewa a can sigar korewa ce ta fi yawa, a ce Allah ba ya son azzalumai ko masu girman kai, kuma kunnen Bahaushe yana jin bambanci tsakanin "ba ya son wane" da "ya tsani wane".

5.0 "Allah Ya Isa" da Zaburar La'ana

A Maiduguri wannan batu ya wuce muhawarar aji. An ƙone majami'u a tarzomar 18 ga Fabrairu 2006, an sake ƙone wasu a rikicin Boko Haram na Yuli 2009. Yawancin 'yan mata 276 da aka sace a Chibok a Afrilu 2014 'ya'yan EYN ne, a watan Oktoba na shekarar kuma mayaƙan suka mamaye hedikwatar ikkilisiyar a Kwarhi, kusa da Mubi. A Janairu 2020 aka kashe Rabaran Lawan Andimi, limamin EYN a Michika. Musulmin birnin su ma sun binne nasu da yawa a shekarun nan, malamai da talakawa. Wanda aka kashe wa miji ko aka sace wa 'ya, idan ya buɗe Zabura 109 ko 139 ya ga ana roƙon halaka ga azzalumi, zai ji an faɗi abin da ke ransa. Tambayar da ke gaban mai wa'azi ita ce ko ayar ta ba shi izinin ramuwa.

Amsar da aka fi bayarwa ta dogara ne a kan nazarin wanda ake yi wa magana. Waɗannan zabura addu'o'i ne, Allah ake faɗa wa, kuma shi ake roƙo ya aikata. Mawaƙin bai ce zai ɗauki takobi ba. Hausa tana da furucin da ke yin wannan aiki daidai, wato "Allah ya isa". Mai faɗinsa wanda aka zalunta ne, yawanci marar ƙarfi, kuma da zarar ya furta shi ya ɗauke ƙarar daga hannunsa ya kai ta kotun da ba a cin hanci. Bai yafe ba, bai kuma rama ba. Jama'a suna tsoron furucin ne saboda sun yarda za a yi hukuncin. Idan aka karanta zaburar la'ana da wannan ido, sai ta yi daidai da Romawa 12:19, wadda ta hana mai bi ɗaukar fansa ta bar sakayya ga Allah. A wannan fahimta, imani da hukunci shi ne ke riƙe hannun wanda aka cuta. Abin lura kuma, Zabura 139 ba ta tsaya a kan maƙiya ba, ta ƙare ne da roƙon Allah ya binciki zuciyar mawaƙin kansa.

Ba kowa ne ya gamsu ba, kuma rashin gamsuwar ta fuska biyu ne. Tun bayan rikice-rikicen Kaduna da Jos an riƙa jin wasu Kiristocin Arewa suna cewa kumatu biyu ne Allah ya yi wa mutum, an mari na dama an mari na hagu, babu na uku da za a juya. Wannan martani ne ga Matiyu 5:39, kuma masu faɗinsa sukan jingina da yaƙe-yaƙen Tsohon Alkawari. A ɗaya gefen kuwa, EYN ta gaji aƙidar ƙin ɗaukar makami daga ikkilisiyar 'Yan'uwa da ta faro a Jamus a 1708, kuma a koyarwarta ko "Allah ya isa" zango ne a kan hanya, inda ake son kaiwa shi ne addu'ar gafara da Yesu ya yi wa masu gicciye shi a Luka 23:34. Ikkilisiyar Katolika ta bi wata hanyar ta daban: a littafin addu'o'in yau da kullum da ta fitar a 1971 ta tsallake Zabura 58 da 83 da 109, da wasu ayoyi masu zafi daga cikin sauran, ba tare da ta cire su daga Littafin ba.

6.0 Ragowar da Ta Gagari Ƙamus

Akwai wuraren da babu dabarar ma'ana da za ta sassauta su. Zabura 137:9 tana sa albarka ga wanda zai halaka jariran Babila, littafin Joshuwa yana ba da labarin shafe garuruwa, maganar azabar lahira kuma tana nan a bakin Yesu kansa. A kan ta ƙarshen nan Kiristoci sun kasu: mafi yawa sun riƙe azaba ta har abada, wasu sun ce ƙarewa ce gaba ɗaya, kaɗan kuma, tun daga Orijin na Iskandariya a ƙarni na uku, sun yi fatar ceto ga kowa a ƙarshe. Saɓanin nan na aƙida ne, fassara ba ta da abin da za ta ƙara ko ta rage a kansa.

Inda masanin harshe ke da ta cewa shi ne yanayin da ake karɓar saƙon. Yawancin masu sujada da Hausa a Maiduguri ba ita ce harshensu na farko ba, da yawa kuma ji suke yi, ba karatu ba. Bayanin da mai fassara ya sa a ƙasan shafi don nuna cewa "ƙi" a aya kaza fifiko take nufi ba a karanta shi a bainar jama'a. A majami'un da ake wa'azi da Turanci ana juyawa da Hausa kuwa, tafinta ne ke zaɓa cikin ƙiftawar ido tsakanin "ƙi" da "tsana" da "ba ya so", ba tare da ƙamus a hannu ba, sannan wani dattijo ya sake juya abin da ya ji zuwa Margi ko Bura idan an koma gida. Yana da kyau a ɗauki irin waɗannan wa'azuzzuka a faifai a Maiduguri da Biu da Mubi, a ƙirga wace kalma tafintoci suka fi kamawa a Luka 14:26 da Zabura 139:22, a kuma gwada da kalmomin da fassarorin Bura da Margi suka yi amfani da su a waɗannan ayoyi.